Sautuola na Sifen, Wanda Ya Mutu Ana Ce da Shi Maƙaryaci

Masu karatunmu sun saba samun labarin masu bishara da shahidai a wannan shafi. A wannan wata mun ɗauko labarin wani mutum dabam. Bai yi wa'azi ba, bai kafa ekklesiya ba, ba a kuwa kashe shi saboda sunan Almasihu ba. Lauya ne mai gonaki a ƙasar Sifen, ƙasar nan da Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa, wadda Littafi Mai Tsarki ya ke kira Asbaniya. Sunansa Marcelino Sanz de Sautuola. Ya ga wani abu da idonsa, ya faɗi abin da ya gani, manyan masana na zamaninsa suka ƙaryata shi, har ya shiga kabari da wannan tabo a kan sunansa. Sai da ya shekara 14 a ƙasa kana aka wanke shi. Wanda aka taɓa yi wa ƙage a gaban dattawa ko a gaban alƙali, ya duba ya rasa mai tsaya masa, ya san irin kayan da mutumin nan ya ɗauka.

An haifi Sautuola a shekara ta 1831 a lardin Santander, can arewacin Sifen, a bakin teku. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, mai tuddai da ciyawa da shanu. Duwatsunta na farar ƙasa ne, irin waɗanda ruwa ya ke ci a hankali, saboda haka kogwanni sun yi yawa a cikinta. Gidansu gidan arziki ne. Aka aike shi jami'ar Valladolid ya koyi shari'a, ya komo ya yi aure, ya zauna a gidan gonarsu a wani ƙauye da a ke kira Puente San Miguel. Gadon da ya samu ya ishe shi, hankalinsa kuwa ya fi karkata ga itatuwa da duwatsu da littattafai. Itacen turare ɗin nan mai tsawo da mu ke gani a bakin hanyoyinmu, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, Sautuola a ke ba shaidar fara dasa shi a lardinsu, har ya rubuta 'yar takarda a kan yadda itacen ya karɓi ƙasarsu.

Turawa suna da wata al'ada, mutum yana da aikin da ya ke ci da shi, sa'an nan ya zaɓi wani abu dabam ya riƙa yi don sha'awa kawai, ba mai biyansa ko anini. Wani ya tara kan sarki, wani ya bi tsuntsaye yana rubuta sunayensu. A zamanin Sautuola sha'awar da ta kama mutane da yawa ita ce tonon kayan mutanen da. Ilmin nan sabo ne a lokacin, ba shi da malamai da yawa a jami'o'i, sai likitoci da malaman makaranta da limaman coci su ke ɗauke da shi. Ko wanda a ke ɗauka uban wannan ilmi a Faransa, Boucher de Perthes, ma'aikacin kwastan ne, ya yi shekaru yana tsintar duwatsun da aka fafe a cikin tsakuwar kogi ana yi masa dariya, sai a 1859 masana suka yarda hannun mutum ne ya sassaƙa su. Kafin wannan, Turawa ma abin da mu ke faɗa su ke faɗa. Dutsen nan mai santsi da manomi ya kan tsinta a gona mu ce gatarin aradu ne, su ma cewa su ke yi tsawa ce ta jefo shi daga sama. Ashe gatarin kakanni ne, tun ba a san ƙarfe ba.

Kusa da wani tsohon gari mai suna Santillana del Mar, kimanin mil 20 yamma da birnin Santander, akwai wani tudu da a ke kira Altamira. A 1868 wani talaka mai suna Modesto Cubillas ya tarar da bakin kogo a wurin. An ce karensa ne ya maƙale a tsakanin duwatsu yana bin nama, garin ciro shi ya ga rami ya zarce ciki. Ba wanda ya kula, gama kogo ba abin mamaki ba ne a ƙasar. Cubillas ya san Sautuola da son irin waɗannan abubuwa, ya gaya masa. Wajen 1875 Sautuola ya je ya shiga, ya tsinci ƙasusuwa da 'yan duwatsu, ya ga waɗansu baƙaƙen layuka a bango can ciki, bai ɗauke su a bakin kome ba, ya koma gida.

Abin da ya buɗe masa ido tafiya ce. A 1878 aka yi babban nuni na duniya a birnin Faris, ya je kallo. A can ya ga kayan da aka tono daga kogwannin kudancin Faransa: wuƙaƙen ƙanƙara, alluran ƙashi, masu na ƙaho, da kuma guntayen ƙashi da ƙaho waɗanda aka zana wa surar dawaki da barewa da hannu mai kyau. Ya tsaya ya dube su da kyau. Da ya komo sai ya shiga bin kogwannin lardinsu ɗaya ɗaya yana tono, a 1879 kuwa ya sake komawa Altamira. A bakin kogon, inda haske ya ke shiga, ya sami toka, da ƙasusuwan dabbobi da aka farfasa, da ɓawon katantanwar teku tuli, da kayan aiki na dutse da ƙashi irin waɗanda ya gani a Faris, da kuma dunƙulen jar ƙasa irin koya.

Wata rana ya tafi da 'yarsa Maria, watau Maryamu, yarinya 'yar shekara 8. Uban yana durƙushe yana tono, idonsa a ƙasa, gama a ƙasa a ke samun abin da ya ke nema. Yarinyar ta gaji da zama, ta kutsa cikin wani ɗaki na kogon da ke gefe. Rufin ɗakin gajere ne, a waɗansu wurare bai fi ƙafa 4 ba, babba sai ya sunkuya, ita kuwa tana tsaye daidai. Ta ɗaga kai cikin hasken fitila, sai ta kira ubanta ya zo ya ga shanu.

Tsawon rufin nan wajen ƙafa 60 ne, faɗinsa wajen ƙafa 30, an cika shi da surar dabbobi, ja da baƙi. Yawancinsu wani irin ɓauna ne na ƙasashen sanyi, mai tozo da gemu da gashi a wuya. Akwai na tsaye, akwai na kwance da suka naɗe ƙafafu, akwai wanda ya juyo da kai baya, akwai mai buɗe baki kamar yana kuka. Akwai dawaki, da wata babbar barewa ta mace wadda tsawonta ya wuce ƙafa 7. Mai zanen ya fara tsaga siffar dabbar a jikin dutsen da tsinin ƙanƙara, ya bi da gawayi, ya cika ciki da jar ƙasa, sa'an nan ya kankare waɗansu wurare ya wanke waɗansu don tsoka ta fito. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ya yi da ƙulluttan dutsen. Rufin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da kumburi nan da can. Mai zanen ya dubi kumburin, ya ga ɓauna a cikinsa tun bai taɓa shi ba, ya naɗe dabbar a kansa, kumburin ya zama kafaɗa da ciki. In fitila ta motsa sai ka ce naman yana numfashi. Duk wannan kuwa an yi shi a cikin duhu, a tsugune ko a rigingine, inda mutum ba shi da wurin ja da baya ya ga dabbar gaba ɗaya.

Sautuola bai yi garaje ba. Lauya ne, ya san yadda a ke auna shaida. Ya lura irin ɓaunan nan ya ƙare a Sifen tun da daɗewa, ba manomi ko makiyayi a lardin da ya taɓa ganinsa. Ya lura hannun zanen ya yi kama da na guntayen ƙashin da ya gani a Faris. Ya lura jar ƙasar da aka yi rufin da ita, ga irinta nan a cikin tokar da ya ke tonowa, haɗe da kayan dutse. Ya kuma sani ba wanda ya san da kogon kafin 1868. Da ya haɗa waɗannan sai ya ce mutanen da suka ci abinci a bakin kogon su ne suka yi zanen rufinsa. Ya sa aka yi wa kogon ƙofa don kada 'yan kallo su ɓata shi. Ya rubuta wa Juan Vilanova, babban malamin ilmin duwatsu a jami'ar Madrid, shi kuwa ya zo ya duba ya yarda. A 1880 Sautuola ya buga ɗan littafi ƙarami a kan kayan mutanen da na lardin Santander, da surar rufin a ciki. Maganarsa a littafin mai sanyi ce. Ya kawo dalilansa, ya bar wa waɗanda suka fi shi sani su yanke.

A wannan shekara aka yi babban taron masanan wannan ilmi na ƙasashen Turai a Lisbon, babban birnin Fotugal. Vilanova ya kai maganar, ya gayyaci manyan su zo su gani da idonsu, tafiyar kuwa ba ta gagara ba. Ba wanda ya je. Mu kan ce gani ya kori ji, amma waɗannan sun ƙi ji, sun kuma ƙi gani. Shugabanninsu a lokacin Faransawa biyu ne, Gabriel de Mortillet da Emile Cartailhac na birnin Toulouse. Mortillet maƙiyin ekklesiya ne a fili. Zatonsa shi ne limaman Katolika na Sifen ne suka ɗana tarko, suka sa aka yi zanen don masana su gaskata, daga baya a tona a yi musu dariya, a ɓata ilminsu gaba ɗaya. Ya gargaɗi Cartailhac ya yi hankali.

A 1881 wani injiniya Bafaranshe mai suna Edouard Harlé ya je ya duba kogon. Ya yarda kayan da ke ƙasa tsofaffi ne na gaske. Amma game da rufin ya ce launin ɗanye ne, in ka taɓa yana kama yatsa. Ya ce kuma in da mutanen da ne suka yi wannan aiki a cikin duhu, da hayaƙin wutarsu ya bar kunkunniya a rufin, ga shi kuwa babu. Ya yanke cewa an yi zanen tsakanin zuwan Sautuola na fari da na biyu, watau tsakanin 1875 da 1879. Cartailhac ya buga wannan rahoto a mujallarsa, magana ta ƙare ke nan a wurin masana.

Sa'an nan tsegumi ya ɗauka daga inda masana suka ajiye. Akwai wani mai zane Bafaranshe a Santander, sunansa Paul Ratier, kurma ne kuma bebe, wanda Sautuola ya sa ya kwafi rufin. Sai aka fara raɗa cewa ai shi ne ya yi zanen tun da fari. Mutumin da ba shi da bakin kare kansa, shi aka ɗora wa. In kuwa Ratier ne ya zana, to, Sautuola ɗayan biyu ne, ko wawa da aka ruɗa, ko macuci da ya biya aka yi. A 1886 aka sake ta da maganar a taron masanan halitta a Madrid, wani shugaban masu zane na gwamnati mai suna Eugenio Lemus ya ce ya je ya gani, aikin wani ɗan koyo ne na zamani, wanda ma bai ƙware ba. Mutanen ƙasarsa ke nan.

Ya kamata mu yi wa masanan nan adalci kaɗan. An riga an cuce su. A 1863 ma'aikata a Faransa sun binne muƙamuƙin mutum a ramin tsakuwa don su karɓi lada daga Boucher de Perthes. A 1876 aka gane waɗansu ƙasusuwa biyu masu zane da aka ce daga wani kogo na Suwizalan su ke, surar dila da ta wani naman daji da ke kansu daga littafin yara aka kwafo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bincike kuwa ba laifi ba ne, ko mutanen Biriya an yabe su domin sun bincika abin da Bulus ya faɗa musu. Amma Toma da ya yi shakka ya tsaya tare da 'yan'uwa har aka nuna masa, waɗannan kuwa an kira su su zo su duba, suka zauna a gida suka yanke shari'a.

A ganinmu akwai abin da ya fi tsoron zamba ƙarfi a zuciyarsu. Sun riga sun ƙudura cewa mutumin farko ɗan'uwan dabba ne, hankalinsa kaɗan, hannunsa mai nauyi, gwaninta kuwa sai a hankali ta hau tsani har ta kai kan Turawan zamaninsu. Sun yarda zai iya ɗan karce ƙashi, amma rufi guda da launi iri iri, wannan ya fi ƙarfin abin da suka yanka masa. Mu da mu ke karanta Littafin Farawa wannan bai kamata ya ba mu wuya ba. A cikin surar Allah aka halicci mutum, tun a sura ta huɗu kuwa mun ga Yubal da kayan kiɗa, da Tubal-kayinu da maƙera. Wanda ya cika Bezalel da hikimar sassaƙa domin alfarwa bai fara ba da kyauta a zamanin Musa ba. Mutumin da ya sa fata ya kwana a kogo mutum ne sosai. Mu da aka daɗe ana auna hankalinmu da irin tufar da mu ke sawa, mun san wannan kuskure, mun kuma san mu ma mu kan yi wa mutanen kan dutse da na ƙauye irinsa.

Sautuola bai janye maganarsa ba, bai kuwa cika duniya da faɗa ba. Ba shi da kujera a jami'a, ba shi da mujalla, ba shi da almajirai da za su yi masa yaƙi. Vilanova kuwa ya tsaya tare da shi, ya yi ta kai maganar taro taro ana kau da kai. Ya rasu a Santander a watan Maris na 1888, yana da shekara 56. Vilanova ya bi shi a 1893. Dukansu biyu ba wanda ya ji ko kalma ɗaya ta neman gafara.

Amsa ta fito daga ƙasar waɗanda suka ƙaryata shi. A 1895, a wani wuri da a ke kira La Mouthe a kudu maso yammacin Faransa, wani manomi yana kwashe ƙasa daga wani kogo da ya ke ajiya a ciki, sai rami ya buɗe a baya. Yara suka rarrafa ciki da kyandir, suka ga ɓauna a bango. Ƙasar da ta toshe ramin kuwa cike ta ke da kayan dutse na mutanen da, ba yadda wani ɗan zamani zai wuce ta ya yi zane ya fito ya mayar. A 1896 wani mai tono don sha'awa, François Daleau, ya sanar da surar dabbobi a bangon kogon Pair-non-Pair, waɗanda ƙasar da ya ke tonowa ta binne su, sai da ya kwashe ta suka bayyana. A 1899 aka sami fitilar dutse a La Mouthe. A 1901 aka ga kogwanni biyu kusa da juna, Les Combarelles da Font-de-Gaume, na biyun da ɓaunaye ja da baƙi kamar an ɗauko su daga Altamira, wanda ya gano shi kuwa malamin makarantar ƙauye ne, Denis Peyrony. Ba wanda zai ce bebe ɗaya ne ya zaga duk waɗannan.

Cartailhac ya je ya ga na Faransa da idonsa. A 1902 ya rubuta a babbar mujallar masana, da sunansa a kai, wata takarda da ya kira furcin laifin mai shakka. Ya ce ya yi kuskure shekara 20, ya kuma yi wa mutumin kirki rashin adalci. Mun ga wannan ya isa a yaba. Yana da shekara 57, sunansa ya kai ko'ina, da ya yi shiru ya sake ra'ayi a hankali kamar yadda manya su kan yi, da ba wanda zai tuhume shi. Mun sha ganin husuma a ekklesiya ta shekara goma don dattijo ɗaya ya kasa buɗe baki ya ce shi ne ya yi laifi. A wannan shekara ya tafi Altamira, wurin da aka gayyace shi tun 1880. Ya tarar da Maryamu ta zama babbar mace. Ita ce ta karɓi abin da ya kamata a faɗa wa ubanta.

Tare da shi akwai wani saurayi ɗan shekara 25, Henri Breuil, shi kuwa fada ne na Katolika. Ga abin dariya: an ƙi zanen don tsoron makircin limamai, ga shi limami ne ya kwanta rigingine a kan buhunan ciyawa, mako bayan mako, da kyandir a gefensa, yana kwafe ɓaunayen ɗaya ɗaya. Aka buga aikinsu a 1906 da kuɗin Sarkin Monako, da wannan littafi duniya ta san Altamira. Breuil ya ba da sauran ransa ga wannan aiki har ya rasu a 1961.

Dalilan Harlé biyu ma an warware su. Fitilar dutse da a ke zuba wa kitse ko ɓargo tana ba da haske mai tsabta, ba ta tara kunkunniya kamar itace. Launin kuwa ya zauna ɗanye domin wajen shekara 13,000 da suka wuce dutse ya rufto ya toshe bakin kogon, ba iska, ba rana, laima da sanyi ba su sakewa rani da damina. Da aka sami hanyar auna shekarun gawayi, aka ɗebi ɗan kaɗan daga baƙin layin ɓaunayen, awon ya nuna wajen shekara 14,000 zuwa 15,000. A 2012 aka auna ɓawon dutsen da ya tsiro a kan wata jar alama a rufin, aka sami ta wuce shekara 35,000. Watau mutane sun yi ta komowa wannan rufi tsara bayan tsara, tazarar da ke tsakanin mai alamar fari da mai ɓaunan ta fi wadda ke tsakanin mai ɓaunan da mu. Mun sani akwai 'yan'uwa da wannan lissafi zai yi musu nauyi. Sai mu tuna musu shekarar nan 4004 kafin haihuwar Almasihu, da a kan gani a gefen shafin waɗansu tsofaffin Littattafai Masu Tsarki na Turanci, lissafin Bishop Ussher na Ailan ne, wanda ya buga a 1650. Musa bai rubuta ta ba.

Da aka yarda, sai mutane suka fara ɗaga kai a cikin kogwanni. Wani malamin makarantar sana'a a garin da ke maƙwabtaka da Altamira, Hermilio Alcalde del Río, ya bi tuddan lardin, a 1903 ya gano El Castillo da waɗansu kogwanni masu zane. Lascaux na Faransa, samari huɗu ne suka shiga a 1940, nan ma an ce kare ne ya nuna ramin. Chauvet, mutum uku masu shiga kogo don sha'awa ne suka gano shi a 1994. Har kogon El Pendo, wanda Sautuola da kansa ya tona, masana suka yi ta tono a cikinsa bayansa, sai a 1997 aka lura akwai jerin jajayen barewa a bangonsa, datti ya rufe su. Mu ma muna da namu. A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai surar shanu a jikin dutse, waɗanda aka rubuta labarinsu bayan 1950, ko da ya ke mutanen wurin sun san da su tun da daɗewa. A ƙasar Azbin, a Dabous, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya kai ƙafa 18. Waɗannan ba su kai na Altamira tsufa ba, hannunsu ma dabam ne, amma mai zuwa kiwo ko farauta da ya ga irinsu, kada ya goge, kada ya rubuta sunansa a kai, ya gaya wa ma'aikatan gidan kayan tarihi.

Kogon da masana suka ƙi zuwa kyauta, daga baya jama'a suka yi masa yawa. Aka haƙe ƙasan ɗakin don mutum ya iya tsayawa, aka sa wutar lantarki, 'yan kallo suka riƙa shiga dubu dubu. Numfashinsu da zafin jikinsu suka fara ɓata abin da duhu ya tsare. Aka rufe shi a 1977, aka buɗe a 1982 ana barin mutane kaɗan, a 1985 aka sa shi cikin jerin kayan gado na dukan duniya. A 2001 aka gina gidan kayan tarihi kusa da shi, da kwafin rufin daidai da girmansa, da kowane kumburi da tsaga, nan baƙi su ke kallo. A 2002 aka sake rufe na ainihin saboda wani koren tsiro da ya fara bayyana a jikin dutsen. A 2014 aka fara barin mutum biyar a mako su shiga, da riga ta musamman da abin rufe hanci, minti 37 su fito.

Maryamu ta auri wani mutum daga gidan Botín, masu bankin Santander, zuriyarta kuwa suka riƙe gidan gonar Puente San Miguel da lambun itatuwan da kakansu ya dasa. Ta rasu a 1946, shekara 67 bayan ranar da ta bi ubanta kogo.